"A Ƙara Mani Girafik": Cinikin Da Ke Cinye Kuɗin Masu Laftof A Katsina

Da hantsi, idan shagunan gyaran waya da kwamfuta da ke kan titin IBB da wajen Ƙofar Ƙaura suka fara cika, ba a rasa matashin da zai shigo goye da jaka. Zai zaro laftof, galibi HP EliteBook ko Dell Latitude mai ɗan ƙujewa a gefe, ya ajiye a kan tebur tsakanin tulin cajoji da matattun batura. Bayan gaisuwa, buƙatar kusan ɗaya ce: "Oga, don Allah girafik nake so a ƙara mani."

In an tambaye shi abin da ya faru, sai ya ce gem ɗin ƙwallo ne ya ƙi tashi, ko bidiyon bikin da aka ba shi ya haɗa yana ta sarƙewa, ko kuma manhajar zanen gini ta fito masa da gargaɗi. Wani abokinsa ne ya tabbatar masa ƙaramin aiki ne: yadda ake ƙara RAM, haka ake ƙara girafik.

Mai gyara mai tsoron Allah zai juya kwamfutar, ya karanta lambar da ke ƙasanta, ya girgiza kai. Wanda ba haka ba, zai ce a dawo bayan la'asar, kuma a taho da kuɗi.

Me ya kawo wannan yayin?

Shekara goma baya, mai laftof a Katsina buga takarda yake yi da ita, ya kalli fim, ya shiga Facebook. Kowace irin kwamfuta na iya wannan. Yanzu aikin ya yi nauyi.

Ɗalibai a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Al-Qalam, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina suna cin karo da manhajoji masu cin ƙarfi. Mai koyon zanen gini zai fara da AutoCAD lafiya lau, amma ranar da ya isa ga Revit da Lumion, a nan kwamfutarsa za ta nuna masa iyakarta. Masu ɗaukar bidiyon biki da suna da hawan sallah sun koma ɗauka da kyamarori da wayoyi masu fitar da hoto mai nauyi, sannan su zo su tace a Premiere Pro ko DaVinci Resolve ko CapCut. Ga masu TikTok da YouTube. Ga waɗanda suka shiga shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a ƙarshen 2023, wasunsu na son koyon ƙirƙirarriyar basira.

Sai kuma 'yan gem, waɗanda a gaskiya su ne suka fi yawa ko da ba su faɗa ba. PES ya koma eFootball a 2021, FIFA ya koma EA Sports FC a 2023, kuma kowane sabon fitowa ya fi na baya neman ƙarfi.

Buƙata ta hau a daidai lokacin da aljihu ya sauka. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a hukumance. Zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Kusan kowace laftof kuwa daga waje take zuwa: ta sauka Legas, ta bi ta kasuwar Computer Village da ke Ikeja, ta iso Farm Centre ko titin Beirut a Kano, kafin a ɗauko ta tafiyar kusan kilomita 170 zuwa Katsina. Kowane hannu da ta bi sai ya ɗora nasa. Wanda ba zai iya sayen sabuwa ba, dole ya yi tunanin yi wa tsohuwa kwaskwarima.

Akwai wani abu da masu saye ba su cika lura da shi ba. Yawancin laftof ɗin da ake kira "Landan yus" kayan ofis ne da kamfanonin Turai da Amurka suka gama amfani da su. An ƙera su don akawu da sakatare. Suna da ƙarko, batirinsu na jimawa, amma ba a taɓa nufin su da gem ko zanen gida mai hawa uku ba.

Abin da ke ƙarƙashin murfi

Girafik ɗin laftof iri biyu ne. Na farko yana cikin furosesa kanta, a ƙwaya guda suke. Shi ne ake gani da suna Intel HD 520 a EliteBook 840 G3, ko UHD 620 a kwamfutoci masu furosesan Intel ƙarni na 8, ko Iris Xe a na ƙarni na 11. Irin wannan ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM ɗin kwamfutar yake ara.

Na biyu ƙwaya ce mai zaman kanta, ta Nvidia ko AMD, da 'yan ma'ajiyoyinta a kewaye da ita. Ita ake nufi idan an ce GTX 1650 ko RTX 3050 ko Quadro.

A kwamfutar kan tebur, wannan na biyun kati ne da ake sokawa a rami. Ka kwance noti ɗaya, ka zare, ka soka wani. A laftof kuwa babu ramin. Idan mai gyara ya ɗaga murfin baya, ya cire fanka da bututun jan ƙarfen da ke kwashe zafi, abin da za a gani wata 'yar ƙwaya ce mai sheƙi, girmanta bai fi farcen babban yatsa ba, a kwance a kan allon da masu gyara ke kira bod. A ƙarƙashinta akwai ɗaruruwan ƙananan ɗigon dalma, wani lokaci fiye da dubu, da aka narkar a masana'anta suka haɗe ta da allon. Ba a yi ta don a cire ba.

Ba daga sama ruɗanin ya faɗo ba. A da, har zuwa furosesan Intel ƙarni na 4, laftof da yawa na da mazaunin da ake iya zare furosesa a sauya. Masu gyara sun saba cire Core i3 su sa i5, girafik ɗin da ke cikinta ya ɗan motsa. Daga ƙarni na 5 aka koma liƙe su gaba ɗaya. Labarin tsohon zamanin ne yake yawo har yau.

To ai akwai masu injin ɗaga ƙwaya

Akwai su, a Kano da Legas, kuma suna da gwaninta. Amma aikinsu maye gurbin ƙwayar da ta mutu da wata irinta sak. Ɗora babba a gurbin ƙarama wani lamari ne daban.

Jerin ɗigon dalmar ƙwayoyin ba ɗaya ba ne. Ko an dace sun zo daidai, sashen da ke raba wuta a bod an auna shi ne da cin tsohuwar ƙwaya. Fanka da bututun sanyaya su ma haka. Sannan manhajar tushe ta kwamfutar, wato BIOS, ba ta san baƙuwar ba. Laftof ɗin da ta zo da girafik na cikin furosesa kaɗai kuwa, sau da yawa ko wurin ɗora ƙwayar babu a allonta.

Akwai kuma ɗabi'ar gasa ƙwaya da iska mai zafi. Ta samo asali ne tun wajen 2008, lokacin da Nvidia ta amsa cewa wasu ƙwayoyinta na laftof na da lahani, har ta ware kusan dala miliyan 200 don gyara. Tsofaffin masu gyara ba za su manta da HP Pavilion dv6000 da dv9000 ba, masu kunnuwa allo ya tsaya baƙi. In an gasa ƙwayar takan farfaɗo na 'yan makonni ko watanni, sannan ta sake mutuwa. Wannan jinya ce, ba ƙarin ƙarfi ba, kuma duk wanda ya sayar maka da ita da sunan ƙari ya cuce ka.

Ƙaryar "girafik 8GB"

A nan ne kuɗin mutane suka fi salwanta, tun ma kafin a je wajen mai gyara.

Duba tallan laftof a Jiji ko a zaurukan WhatsApp, za ka ga an rubuta wa kwamfutar ofis "girafik 8GB". Daga ina aka samo lambar? Windows kan ba girafik na cikin furosesa damar aron har kusan rabin RAM. Kwamfuta mai RAM 16GB za ta nuna kusan 8GB a matsayin abin da za a iya ara. Mai talla ya ɗauki lambar ya maƙala. Wani da gangan yake yi, wani kuwa shi ma haka ya fahimta.

Wannan dabarar ce wasu ke maimaitawa da sunan aiki. Akwai wani gyara da ake yi a rajistar Windows, ko a cikin BIOS, da ke sa kwamfuta ta riƙa nuna lambar da ta fi ta da. Minti biyar ya isa, kuma bidiyon koyar da shi sun cika YouTube. Yakan sa wani gem da ke ƙin buɗewa ya yarda ya buɗe, amma ƙarfin ƙwayar na nan inda yake. Daidai yake da a rubuta lita 25 a jikin galan mai cin lita 4. Mai kaya ya biya, ya ga lamba ta sauya, ya tafi gida da murna, gem ya ci gaba da tafiyar hawainiya.

Gano gaskiya ba wuya. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. A shiga Performance, a gangara zuwa GPU. Idan sunan Intel HD ko UHD kaɗai ya fito, to babu ƙwaya mai zaman kanta. Idan akwai ta, za a ga GPU biyu, ɗaya da sunan Nvidia ko AMD, kuma layin da aka rubuta Dedicated GPU memory shi ne na gaskiya. Layin Shared aro ne.

Ko sunan Nvidia ma bai isa a saki jiki ba. Jerin MX, kamar MX250, ƙanana ne, ba su yi wa Iris Xe nisa ba. Kuma suna ɗaya na iya ɓoye ƙarfi iri-iri: RTX 3060 na laftof akwai mai aiki da wat 60, akwai mai kaiwa 130, gwargwadon yadda kamfani ya gina sanyayar kwamfutar. RTX 4090 na laftof ba ya wuce wat 175, na tebur kuwa 450 yake ci. Suna ne kawai ya haɗa su.

'Yan ƙalilan da ake iya sauya wa

Kada a ce ba a faɗa ba, akwai su. A 2004 Nvidia ta fito da wani tsari mai suna MXM, inda girafik ɗin laftof ke zuwa a ɗan kati mai zaruwa. Manyan kwamfutocin injiniyoyi sun yi amfani da shi: tsofaffin HP ZBook 15 da 17, Dell Precision M4800 da M6800 da 7510 da 7710, da wasu tsofaffin Alienware. Irin waɗannan kan faɗo cikin kayan tokumbo jefi-jefi, masu kauri da nauyi, cajarsu kamar bulo.

Sai dai katin ba ya kasuwa. Dole a yi odarsa daga China ko Amurka, na hannu ne, ba garanti, kuma mai yiwuwa ya iso BIOS ta ƙi shi ko bututun sanyaya ya ƙi zama a kansa. Bayan duk wannan wahala, abin da za a samu kati ne na shekarun baya.

Kamfanoni ma sun gwada sun ja da baya. A 2019 Dell ta tallata Alienware Area-51m a matsayin laftof da za a riƙa sabunta wa kayan ciki, amma da sababbin katuna suka fito ba su shiga samfurin farko ba, har wani mai saye ya kai ƙara kotu a Amurka a 2021. Kamfanin Framework ne ya farfaɗo da tunanin da samfurinsa mai inci 16 da ya sanar a 2023, wanda ake zare girafik ɗinsa ta baya. Wannan ba kayan kasuwarmu ba ne.

Akwatin waje, da maganar wuta

Hanyar da ta fi kama da ƙari na gaskiya ita ce eGPU: a sayi katin kwamfutar tebur, a sa shi a wani akwati mai wutarsa, a haɗa da laftof ta waya. Yana aiki, amma da sharuɗɗa.

Sai laftof na da mashigar Thunderbolt 3 ko 4, ko USB4 mai goyon bayan haka. Siffarta ɗaya da USB-C, shi ya sa ake ruɗewa. Alamarta ɗan zanen walƙiya a gefen ramin. EliteBook 840 G3 na da USB-C amma ba Thunderbolt ba ne, G5 kuwa na da shi. MacBook masu ƙwayar M1 zuwa sama, waɗanda suka fara fitowa a 2020, ba sa karɓar eGPU sam.

Akwatin kaɗai, ba kati a ciki, kamar Razer Core X, ya fito a kan kusan dala 300. A ɗora kuɗin kati da na jigila da kwastan. Sannan katin ba zai ba da cikakken ƙarfinsa ta waya ba, yakan yi asarar kashi ɗaya cikin goma zuwa kusan ɗaya cikin uku, musamman idan allon laftof ɗin ake kallo ba wani allo na waje ba.

Masu ƙarfin hali na bin hanya mai araha, da wata 'yar na'ura mai suna EXP GDC da ake sokawa a ramin ExpressCard na tsofaffin ThinkPad irin T420 da T430, ko a cire katin wayafai a yi amfani da raminsa. Sakamakon shi ne laftof da cikinta a buɗe, wayoyi a warwatse, ba ta sake zuwa aji.

Babban abin da masu bidiyon Turai ba sa faɗa shi ne wuta. Laftof ta ofis wat 45 zuwa 65 take ci, ƙaramin sola ko inbata ya riƙe ta, in KEDCO ta ɗauke wuta batiri ya ci gaba. Babban katin waje kan nemi wat 200 ko fiye, kuma da wuta ta ɗauke aiki ya tsaya cak. Masu shan wuta a rukunin Band A sun ga kuɗin yunit ya tashi zuwa naira 225 a watan Afrilun 2024, fetur ɗin janareta kuwa kowa ya san inda ya kai tun cire tallafi a Mayun 2023. A ganina, in ba ga mai situdiyo mai tsayayyar wuta ba, eGPU a Katsina almubazzaranci ne.

Inda kuɗin ke amfani

Abin mamaki, laftof da yawa da ake kawowa don ƙarin girafik ba sa ma ba da ƙarfin da suke da shi.

Na farko RAM. Tunda girafik na cikin furosesa daga RAM yake ci, saurin RAM shi ne saurinsa. Kwamfuta mai ramuka biyu da aka cika ɗaya kawai tana tafiya ne a hanya guda. In aka sa guda biyu masu girma ɗaya, hanyar ta zama biyu, kuma a wasu gem bambancin kan kai kashi ɗaya cikin biyar ko fiye. Wannan ne ƙarin girafik na gaskiya mafi araha da ke akwai. A dai duba tukuna, domin sirara irin su ThinkPad X1 Carbon da MacBook RAM ɗinsu ma a liƙe yake.

Na biyu ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu na shiga ko'ina, sannan bazara ta biyo baya da zafin da kan haura digiri 40 a Afrilu da Mayu. Wanda ya taɓa tsayawa aka buɗe laftof da ta shekara biyu a Katsina ba a share ba, ya ga abin da ke fitowa: wani curin ƙura da gashi mai kama da auduga, ya toshe haƙoran da iska ke fita. Man da ke tsakanin ƙwaya da bututu ya bushe ya zama gari. Idan zafin ƙwaya ya doshi digiri 90 zuwa 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Shi ya sa gem ke tafiya lafiya minti goma na farko, daga nan ya fara tsalle. Shara da sabon mai kan dawo da abin da aka rasa. A kuma daina ɗora laftof a kan katifa ko kafet.

Na uku caja. Kwamfutocin Dell kan rage gudu idan ba su gane cajar ba ko ƙarfinta ya gaza, kuma kasuwa cike take da jabu. Aiki mai nauyi a kan batiri kaɗai ma yana rage ƙarfi.

SSD ba ya ƙara wa gem santsi, amma yana sa komai ya buɗe da wuri. Masu tace bidiyo kuwa su koyi aiki da ƙananan kwafin bidiyo da Premiere Pro da DaVinci Resolve ke iya yi, a tace da mai sauƙi, a fitar da mai nauyi a ƙarshe. Kyauta ne, kuma ya ceci aikin mutane da yawa.

Kowa da nasa uzurin

'Yan kasuwa na cewa laifin ba nasu kaɗai ba ne. Mai saye ba ya faɗin aikin da zai yi, abin da ya sani kawai "kwai sabin", wato Core i7, da farashi. Ba ya tambayar ƙarni, alhali Core i7 na ƙarni na 4 ba ya kamo ƙafar Core i5 na ƙarni na 11. In ka nuna masa wadda ta dace da aikinsa ya ji kuɗin, sai ya ce kana son cutarsa, ya wuce shagon gaba.

Masu gyara na kirki kuma kukansu shi ne gaskiya na kore musu ciniki. Ka ce ba ya yiwuwa, a ɗauke ka ba ka iya aiki ba.

Akwai gaskiya a duka biyun, amma ba ta wanke mai rubuta "8GB" a kan abin da ya san aro ne. Makarantu ma na da rawar takawa. Sashen da ya san ɗalibansa za su yi aiki da Lumion a aji uku, ya kamata ya ba su jerin abin da za su nema a kwamfuta tun ranar rajista, kafin uba ya sayar da amfanin gona ya sayo wadda ba za ta yi ba.

Ga wanda ya riga ya saya, mafita uku ce. Ya yi musaya, ya ba da tasa ya cika kuɗi ya karɓi mai GTX 1650 ko RTX 3050. Ko ya riƙe laftof ɗin don karatu, ya haɗa kwamfutar tebur ta hannu irin Dell OptiPlex ko HP EliteDesk da ƙaramin kati mai cin abin da bai wuce wat 75 ba, yana mai taka-tsantsan da katunan da masu haƙar kirifto suka gajiyar suka zubo kasuwa bayan Ethereum ta daina haƙa a Satumban 2022. Mai koyon ƙirƙirarriyar basira kuwa, Google Colab da Kaggle na ba da aron girafik ta intanet kyauta na wasu awanni, data kawai zai saya.

A kuma yi lissafi kafin a narka kuɗi a tsohuwa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga ƙarni na 8 na Intel take farawa.

Girafik ɗin laftof ranar saye ake zaɓensa. Don haka mai shirin saye ya tafi da manhaja ko gem ɗin da zai yi aiki da shi a filas, a sa masa a shagon, ya bar shi yana gudu na rabin awa yana taɓa jikin kwamfutar. Ya buɗe Task Manager da hannunsa, sannan ya sa a rubuta masa sunan girafik ɗin da girman ma'ajiyarsa a kan rasit. Ɗan kasuwar da ya ƙi rubutawa, a bar masa kayansa.